Sayen tsohon moto: abin da za a duba kafin a ƙirga kuɗɗi

(Jawabin da ƴan kwamitin ƙungiya su ka yi wa jama'a a taron ƙarshen rani. An buga shi domin waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi.)

Iyayenmu dattawa, malamai, ƴan'uwa da su ka taso daga Maraɗi da Damagaram da Yamai, da waɗanda su ka komo daga Abijan da Ikko da Libiya, mu na yi maku barka da zuwa. Allah ya sa mun taru a sa'a.

Maganar yau ta moto ce, kuma dalili ya kawo ta. Bara wani yaro na garinmu ya yi wata 8 ya na tura baro a bakin teku. Ya komo da abin da ya tara, mahaifinsa ya sayar da sa guda ya cika mashi, su ka sayi tsohon moto domin yaron ya riƙa kabu-kabu ya huta da bin ƙasashe. Moton ya yi kwana 20. Ran na 21 injin ya kama a tsakiyar daji, da buhun hatsin mutane a baya. Yanzu ya na jingine a zaure, kaji na kwana bisansa, yaron kuma ya koma inda ya fito. Ba mu faɗi suna ba, kuma kada kowa ya waiga, domin a cikinmu nan kusan kowane gida ya na da irin wannan labari.

Abin mamaki shi ne, uban nan babu wanda ya isa ya cuce shi a kasuwar dabbobi. In zai sayi sa, sai ya buɗe baki ya ga haƙora, ya ɗaga kofato, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa, ya tambayi garken da ya fito. Amma da a ka zo ga ƙarfe sai ya ga fenti na walƙiya, ya ji an busa ham, ya ce Allah ya sa albarka. To, moto ma ya na da haƙora da kofato. Mun zauna da makanikai biyu na ƙungiya dare uku, abin da za ku ji daga bakinsu ya fito.

Mu fara da takardu, ko da ya ke mun san ba su ne su ka fi ba ku sha'awa ba. Kowane moto ya na da lamba da a ka buga a jikin ƙarfensa, galibi a wuya, ƙarƙashin kai, kuma akwai wata lambar daban a jikin injin. A yawancin motocin da a ka ƙera daga 1981 zuwa yau, lambar wuyan nan baƙaƙe da alƙaluma 17 ce. A goge ta da tsumma, a karanta ta ɗaya-ɗaya, a gwada da abin da ke rubuce a kart-giriz. A shafa wurin da yatsa. In an ji ya yi kwari kamar an goge da zarto, ko wasu lambobin sun fi wasu zurfi, ko an shafa sabon fenti a wurin kaɗai, a yi sallama a tafi. Ba a ciniki kan wannan, ko kyauta a ka ba ka. Haka nan in mabuɗin da ke tada moton bai buɗe tanki ba, a tambayi dalili. Wani lokaci ɓata ya yi a ka sake, wani lokaci kuwa wanda ya karya makullin ba da rana ya karya shi ba.

Masu sayowa daga Jibiya ko Katsina ko Illela saboda sauƙin canji, ku tuna da duwan. Moton da bai biya duwan ba bai gama zama naka ba, ranar da ka haɗu da masu kaki za ka sani. Kuma zamani ya sake. Tun da ɓarayin daji su ka mai da moto dokinsu, hukuma ta ke kallon duk moton da ba shi da takarda da wani ido. Kun san an hana hawan moto a jihar Diffa a 2015, an kuma hana a wasu sassan Tillaberi a 2020. Mutumin kirki zai iya kwana a hannun jandarmomi saboda ya sayi abin da bai san asalinsa ba. Saboda haka a ga mai moton ido da ido, a ga katinsa na ɗan ƙasa, sunan ya zo daidai da na takarda. In dillali ya ce mai shi ya yi tafiya, a jira ya komo.

To, sai injin, wanda shi ne zuciyar abin. Dokar farko: ku je da sassafe, kuma kada ku faɗi sa'ar da za ku zo. Kafin kowa ya taɓa moton, ku ɗora bayan hannu bisa injin. In kun ji ɗumi, an riga an tada shi kafin ku iso, kuma mai yiwuwa akwai abin da a ke ɓoyewa. Injin da ya gaji ya kan tashi da sauƙi in ya na da zafi, da sanyi ne ya ke nuna halinsa. Ku taka kik da kanku, a hankali. Ya kamata ƙafa ta ji ya na turjewa. In ya tafi salalau kamar an taka ruɓaɓɓen kabewa, to matsin cikinsa ya tafi, zoben fistan sun cinye ko bawul ba sa rufewa. Lafiyayyen moto bugu biyu ko uku ya ishe shi.

In ya tashi, kada ku bari a yi ta murɗa mai a na cika maku kunne. Mai sayarwa ya na son ƙara domin ƙara ta na rufe ƙara. A bar shi ya yi ta bugawa shi kaɗai, ku durƙusa ku saurara. Ƴar ƙaramar ƙara daga sama, cak-cak-cak kamar keken ɗinki, sau da yawa saitin bawul ne, aikin rabin sa'a. Amma bugu mai nauyi daga ƙasa, kamar a na daka a gidan maƙwabta, wanda ke ƙaruwa in an ba shi mai, wannan daga gindin injin ya ke, kuma gyaransa sai an fasa injin biyu. Wanda ya sayi irin wannan ya sayi bashi.

Mutum guda ya tsaya a baya ya dubi hayaƙi. A nan sai an bambanta. Akwai injin da a ke haɗa wa mai da baƙin mai su ƙone tare, irin mobilat ta da, da Yamaha DT da ma'aikatan gona da na dabbobi su ka riƙa zuwa mana da ita. Wannan shuɗin hayaƙi ɗabi'arsa ce, in bai yi yawa ba. Amma yawancin abin da ke kasuwa yanzu, su Kasea da ƴan'uwansu na Sin, da Boxer na Indiya, baƙin mansu a ƙasa ya ke zama, ba ya shiga wuta. Irin wannan in ya na fitar da shuɗin hayaƙi, baƙin mai ya ke sha, kuma ranar da ya shanye ba ka duba ba, ranar zai kama. Abin da ya samu yaron da mu ka ambata ke nan. Baƙin hayaƙi kuwa isansi ne ya yi yawa, galibi laifin kabureta ne ko matatar iska ta toshe, wannan da sauƙi. Ɗan farin tururi da safiyar hunturu ba kome ba ne in ya ɗauke bayan ƴan mintoci. Ku sa yatsa a bakin salansa kafin ta yi zafi: busasshen baƙi babu laifi, mai danƙo da maiƙo akwai magana.

A kashe, a zaro ma'aunin baƙin mai. A murza man tsakanin yatsu biyu a fito da shi rana. In ya na ƙyalƙyali kamar an zuba garin ƙarfe, injin na cin kansa. In ya yi kauri kamar zuma ya na jan zare, ku yi hattara, domin akwai masu zuba mai mai kauri irin na giyar manyan motoci don ya danne ƙara ya rage hayaƙi na kwana biyu. In ya na warin isansi, ko ya yi fari kamar an zuba nono, shi ma ba alheri ba ne. Sannan a kwance buji, wanda ƴan Nijeriya ke ce wa fulogi. Bakinsa in ya yi launin ƙasa-ƙasa, injin na ƙona mai daidai. In ya jiƙe da baƙin mai, ya tabbatar da abin da hayaƙi ya faɗa. In kuwa sabo ne fil a jikin tsohon moto, ku tambayi inda tsohon ya ke.

Akwai wuri guda da kusan babu mai dubawa, alhali a ƙasarmu shi ne ya fi kome. Matatar iska. Injin na shaƙar iska kamar yadda mu ke shaƙa, kuma kun san abin da iskarmu ke ɗauke da shi daga watan sanyi har faɗuwar ruwa. Rairayin nan in ya shiga ciki, aikin takardar goge katako ya ke yi wa fistan da gidansa. Ku sa a buɗe murfin gefe. In soson ya na nan, da ɗan maiƙo, bayansa kuma tsaf, to mai moton mutum ne mai kula, kuma za ku iya kyautata zato ga sauran. In soson ya ruɓe, ko an cire shi gaba ɗaya wai don moton ya ƙara gudu, kamar yadda samari ke yi, kuma kun sa yatsa a bututun kun ji ƙasa, to ko injin na da daɗin ji yau, kwanansa ƙirgagge ne. Ɗaya daga makanikanmu ya ce shi da za a hana shi duba kome sai abu guda, wannan zai zaɓa.

A leƙa tanki da tocila. Dukanmu mu na shan man kwalba wurin ƴan ruwa-ruwa, ba mu ce kowa ya daina ba, domin a ƙauye ina gidan mai? Amma man kwalba ya kan zo da ruwa da datti, ruwan ya kwanta ƙasa ya haifi tsatsa, tsatsar ta yi ta toshe kabureta har mutum ya tsani ransa.

Kada a yarda da agogon kilomita. Wayarsa kan tsinke a yi shekara uku ba a gyara ba, kuma mai screwdriver zai iya mai da shi baya. Shekarun moto su na rubuce a wasu wurare: robar da a ke ɗora ƙafa, robar hannu, ƙarfen kik, da kawunan kusoshin injin. Kusoshin da su ka cinye, su ka ɓaci, shaida ce an buɗe injin sau da yawa, kuma da hannun da bai iya ba. Injin da a ka wanke tas ya na sheƙi shi ma abin tambaya ne. Bayan kun yi gwajin tafiya ku ajiye shi bisa tsabtatacciyar ƙasa, ku sha ruwa, ku komo ku ga ko ya ɗiga.

Yanzu ga abin da ya shafi rai, domin lalataccen injin aljihu ya ke ci, amma abin da za mu faɗa yanzu mutum ya ke ci. Mu a nan ba mu tausaya wa moto. An ƙera shi don mutum biyu, mu kuwa mu kan ɗora mashi buhu uku da rago, ko mutum huɗu da jariri. Ƙarfen jikinsa ya kan tsage, a kai wa mai walda ya ɗinke, a shafa baƙin fenti. Ku sa a cire sirdi, in da hali har tanki, ku bi ƙarfen da ido da hannu. Walda a wurin ɗaura kaya ta baya, da sauƙi. Walda a wuya, ko ƙarƙashin injin, kada ku kusance ta. Ranar da za ta saki ba za ta yi shawara da kowa ba, kuma ba a tsaye za ta saki ba.

Moton da ya taɓa faɗuwa mai tsanani ya kan karkace, ido bai cika gani ba. Ga gwajin da ba ya son kayan aiki: a nemi fili mai laushin rairayi, a bi shi a miƙe a hankali, a sauka a dubi sawu. Ƙafar baya ta taka daidai inda ta gaba ta taka, sawu guda. In kun ga sawu biyu gefe da gefe kamar na amalanke, jikin ya murɗe. A bisa hanya mai kyau kuma a ɗan sassauta riƙo a ji ko ya na ja gefe guda.

A kafa shi bisa ƙafarsa ta tsakiya, mutum ya danne baya har ƙafar gaba ta tashi. A juya kai hagu da dama: ya tafi sumul, kada ya riƙa tsayawa a tsakiya kamar ya faɗa rami. A kama ƙafar gaba a ja gaba da baya, a kama kowace ƙafa a girgiza ta gefe da gefe. In an ji ƙwal-ƙwal, boris sun mutu. Ba su da tsada, amma a cire kuɗɗinsu daga ciniki. A juya ƙafar a ga ko ta na rawa, a bi wayoyinta da ɗan ƙarfe: mai lafiya ta na ƙara siririya, sakakka ta na amsawa a dushe. A danna gaba da ƙarfi a saki. Ya lotsa ya taso sau guda ya tsaya, kuma kada a ga mai na tsatsowa a jikin sandunan.

Birki, a duba goron da a ke ɗaure shi da shi a ƙarshen sanda. In an ɗaure har ya kai ƙarshen zare, takalmin cikin ya ƙare. A gwada na gaba daban, na baya daban. Mu na jin wasu na cewa su ba sa taɓa birkin gaba don ya na kayar da mutum, har su kan bar shi a mace. A cikin rairayi akwai ƙanshin gaskiya, amma bisa kwalta na gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa, kuma jakin da zai tsallaka maka hanya a hanyar Ƙonni ba ya jiran birkin baya.

Taya ta na tsufa ko ba a hau ta ba, rana ke cinye ta. A dubi gefenta, in ta yi tsattsage kamar ƙasan tabki da rani, ta gama. A jikin yawancin tayoyi akwai alƙaluma 4 cikin wani ɗan zagaye: biyun farko satin da a ka yi ta, biyun ƙarshe shekara. Misali 2319 na nufin sati na 23 na shekarar 2019. Sarƙa kuma a ja ta baya daga faifan haƙoranta. In ta ɗago har an ga rabin haƙori, ta miƙe. Haƙoran in sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙugiya, sun ƙare, kuma sarƙa da faifai biyun tare a ke sake su, in ba haka ba tsoho ya cinye sabo.

Fitila, ham, wutar birki, a gwada su duka. Wayoyin da a ka ɗaure da leda da roba ko'ina, wahala ce ta gobe. Kada a ce fitila ƙaramin abu ce. Dalilin da ya sa yawancinmu ke son moto a gida shi ne daren da mace za ta kasa haihuwa, ko maciji ya sari yaro, a na neman kai su likita.

Sannan a hau. Ba zagaye ɗaya a cikin kasuwa ba. A bar wa mai shi jingina ko a ɗauke shi a baya, a yi tafiyar kamar minti 20 har injin ya yi zafi sosai, a shiga rairayi, a hau tudu. A bi giya ɗaya bayan ɗaya. Giyar da ke fita da kanta in an ba da mai, aikin fasa injin ce. In a babbar giya ka murɗa mai, injin ya yi kuka amma gudun bai ƙaru ba, kuloci na zamewa. Da an tsaya a kashe, a sake tadawa da zafinsa. Mai sayarwar da ya hana gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Wasu dattawa sun tambaye mu wane iri ya fi. Ba za mu yi wa kowa talla ba. Abin da za mu ce, ku sayi irin da makaniken garinku ya sani, wanda kayansa ke rataye a kasuwar da ta fi kusa da ku. Honda ta fito da CG 125 a 1975 musamman domin ƙasashe irin namu inda ba a cika kula da injin ba, kuma da yawa daga motocin Sin da ke yawo yau kwaikwayon injinsa ne, shi ya sa kayansu ke ko'ina. Ba su kai na asali ƙarko ba, wannan gaskiya ce, amma moton da za ka samu fistan ɗinsa ran kasuwa ya fi wanda sai an aika Kano ko Kwatano an jira wata. Mobilat ta yi mana aiki a zamaninta, mun gode mata, sai dai kamfanin Motobécane da ya yi ta ya karye tun 1981 ya koma wasu hannuwa, kuma yau neman kayanta sai a tsofaffin gareji. Babban moto mai ƙarfi da wani ya kawo daga waje, ya na da kyau ranar salla.

Kada a kashe kuɗɗin duka a kan saye. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: tsohon moto, kome kyansa, zai nemi wani abu a watan farko. A ware wani kaso tun kafin a fara taya, na sabon baƙin mai a ranar farko, da buji, da takalmin birki, da asirans, da mai da takarda ga sunanka, da hular kwano. In kuɗɗin ba su isa wannan ba, ba su isa moton ba tukuna, a ƙara haƙuri zuwa kaka. Kuma ƴan'uwa da ke can waje, ku daina aiko kuɗɗi ku ce a saya maku abin da ku ka gani a hoto a salula. Cinikin biri a sama ke nan.

Mu ma wata rana mu ne masu sayarwa. Ɗan ƙungiya in zai sayar wa ɗan ƙungiya, ya faɗi aibin da ya sani, a rage kuɗɗi a rabu lafiya. Gari guda mu ke, gobe a wurin jana'iza ko suna za a haɗu.

Ga abin da kwamiti ya tsayar. Daga yau duk wanda zai sayi tsohon moto, ya sanar da sakatare kwana biyu kafin nan, za a haɗa shi da ɗaya daga makanikanmu ya raka shi. Mai saye zai biya kuɗɗin motar makaniken da abincinsa, ban da haka babu kome. Makaniken ba zai karɓi la'ada daga mai sayarwa ba, in an ji ya karɓa an cire shi. Ranar biya a rubuta takardar sayarwa, a sa sunan mai sayarwa da na mai saye, da lambar wuya, da lambar injin, da kuɗɗin da a ka biya, da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu, a kai hukuma ta buga hatimi. Sakatare ya na da samfurin takardar, ya buga guda 30, su na nan bisa tebur. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, makanikan na zaune nan gaba, kuma an kawo moto guda a waje domin a nuna maku wurin lambar da matatar iska kafin a yi sallar la'asar.